Na Biyar Ne Ke Ciyo Kofi: Tseren Ratsa Daji da Makarantun Ƙasar Gobir

A duk wasannin da ake yi a makarantun sakandare babu mai arha kamar tseren ratsa daji, wanda tsofaffin ɗaliban makarantun kwana ke kira kuros-kantiri. Hanya ce ta kilomita 4 ko 5 a cikin yashi da burji da gonakin da aka girbe, sai malami mai usur, sai ƙafafun yara. Asalinsa ma daga makaranta ne. A makarantun kwana na Ingila, farkon ƙarni na 19, yara biyu kan yi gaba suna watsa guntayen takarda, sauran su bi sawu har su cim musu, kuma makarantar Rugby tana gudanar da nata tseren tun 1838. Daga can ya biyo Turawan mulki zuwa makarantunmu, ya zauna a cikin gasar gidajen kwanan ɗalibai.

Amma a wurinmu an ɗauki gudun an bar lissafin. Mukan yi wa wanda ya zo na ɗaya tafi, a ba shi bokiti ko sabulu, sauran su watse. A ƙa'idar da makarantun Amurka ke bi, kowace makaranta na sa yara 7, a tara lambobin isowar biyar na farko, wadda jimillarta ta fi ƙanƙanta ita ta ci. A ɗauka wata makaranta ta samu na 1 da na 2 da na 9 da na 14, amma yaronta na biyar bai iso ba sai a na 40: jimilla 66. Wata kuwa ba ta da gwani ko ɗaya, yaranta sun shigo a na 5, 6, 8, 11 da 13: jimilla 43. Ta biyun ce ke tafiya da kofi. Na shida da na bakwai ma ba 'yan rakiya ba ne, domin duk abokin hamayyar da suka riga isowa sun ƙara masa lamba, idan kuma aka yi kunnen doki da na shida ake raba gardama.

Wannan lissafi shi ke sauya halin yara. Gwanin da ya san cewa gudunsa shi kaɗai ba zai kai su ko'ina ba, shi da kansa zai je ya tayar da wanda ya makara, ya rage sauri a ranar atisaye don na baya ya manne masa. Yaron da ba a taɓa kiran sunansa a taron safe ba kuma sai ya ga idon kowa a kansa. Ɗan ƙauye ya san wannan tun daga gayya: ko da wani ya riga kowa fita kunyarsa, ba a sauke garma sai an kai ƙarshen gona.

Ko manyan duniya wannan igiya ce ke riƙe da su. Ranar 26 ga Maris, 2017, a filin Kololo da ke Kampala, Joshua Cheptegei na Yuganda ya ba kowa rata a gasar duniya, a gaban mutanen ƙasarsa. A zagayen ƙarshe jikinsa ya ƙi. Ya riƙa tangaɗi, mutane na wuce shi ɗaya bayan ɗaya, amma bai fita daga hanya ba har ya ƙetare layi a na 30, kuma tawagar Yuganda ta samu tagulla. Bayan shekara biyu, a Aarhus ta ƙasar Denmak, ya zo na ɗaya, tawagarsa ta ɗauki zinare. Ita kuwa Kenya, mazanta sun riƙe kofin tawaga shekara 18 a jere, daga 1986 zuwa 2003, suna gudu a dunƙule, wasu na ja domin wani ya ƙarasa.

Idan aka bi salsalar waɗannan gwanaye, sau da yawa a kan malamin makaranta ake tsayawa. Colm O'Connell ɗan ƙasar Ailan ya zo makarantar St Patrick da ke Iten ta ƙasar Kenya a 1976 don koyar da labarin ƙasa, bai taɓa horar da kowa gudu ba. Daga wannan makaranta Peter Rono ya fito ya ci zinaren mita 1,500 a Olamfik na 1988, Matthew Birir ya biyo baya da nasa zinaren a wani tseren daban a 1992, daga bisani kuma O'Connell ya horar da David Rudisha. A garin Bekoji na Habasha, malamin motsa jiki Sentayehu Eshetu ne ya fara sa Derartu Tulu da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba a hanya. Abin da mutanen nan biyu suka yi tarayya a kai shi ne tara yara da yawa wuri ɗaya kowace safiya, shekara da shekaru, har gudu ya zama abin da ƙane ke gani wurin wansa.

To, ina Tsamaye ta ƙasar Gobir a cikin wannan zance? Yaron Tsamaye ko Unguwar Lalle ko Gatawa ba baƙon doguwar tafiya ba ne. Kiwo, ɗebo ruwa, zuwa fadamar gulbin Rima, cin kasuwar Sabon Birni ko ta Isa, duk a ƙafa ya tashi yana yi. Ba na cewa Gobir za ta zama Iten. Iten na bisa tudu mai kusan mita 2,400, Bekoji ta fi haka, mu kuwa muna ƙasa-ƙasa, ga zafin bazara da ke haura digiri 40. Ko a Nijeriya 'yan Filato, musamman na wajen Pankshin, su suka fi yin fice a gudun dogon zango saboda tsaunukansu. Ba zinaren Olamfik nake nema wa yaran nan ba. Dalili nake nema musu na sammakon zuwa makaranta, a yankin da abubuwan da ke janye yaro daga aji sun fi waɗanda ke jawo shi yawa. Yaron da mutum shida ke jira a bakin ƙofa da wuya ya yi fashi.

Sai dai akwai abin da ba za a tsallake ba. Filin wannan wasa daji ne, dajin kuwa an ƙwace shi. A watan Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Disambar wannan shekara, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 na bakin iyaka, ciki har da na Isa da Sabon Birni. A Disambar 2021 aka ƙona matafiya a cikin mota a wannan yanki, a 2024 kuma aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa da shi. Iyalai da dama sun ƙetara Jihar Maraɗi, wasu sun tare a cikin gari. Malamin da zai saki yara 40 su nufi bayan gari da asuba a irin wannan hali bai san ciwon kansa ba, kuma babu uban da zai yarda.

Amma tseren bai dogara da nisan daji ba. A gasar duniya kanta zagaye ake yi, na kimanin kilomita 2, a maimaita shi har a cika nisan. Ana iya zana zagayen kilomita ɗaya a harabar makaranta da filin idi da gefen gari, inda idon jama'a yake, a bi ta kan tudu da yashi don ya yi wuya. Zagaye ma ya fi daɗin kallo: uwa za ta ga ɗanta ya wuce sau huɗu ko biyar, 'yan ajinsu na kiran sunansa, maimakon ya ɓace sai a ƙarshe. Yaran da aka raba da ƙauyukansu, suka tsinci kansu a aji ɗaya da waɗanda ba su sani ba, tawagar mutum bakwai na iya zama wuri na farko da za a buƙace su da sunansu.

Lokacinsa hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan sallar asuba, a ɗaga ranar da hazo ya yi kauri, a dakata da azumi. 'Yan mata su yi nasu a cikin katangar makaranta, da suturar da iyayensu suka aminta da ita, malama na tsaye. Kayan aikin ba su wuce randar ruwa da usur da katuna masu lamba ba, waɗanda ake miƙa wa kowane yaro yana ƙetare layi, shugaban tawaga ya tattara ya kai teburin lissafi. Idan sashen ilimi na ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, ko wani hakimi, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za su sa kyauta, to su sa ta a kan tawaga, a raba ta daidai tsakanin yara bakwai, a kuma karanta sunayensu duka a taron safe na ranar Litinin.