Ina Miss Marple ta Finafinan Hausa?

Masu karatu, kun san Miss Marple? Wata tsohuwa ce da marubuciyar Ingila, Agatha Christie, ta ƙirƙiro, kuma cikakken littafi na farko a kanta ya fito a 1930. Ba 'yar sanda ba ce. Tana zaune a ƙauyensu tana saƙa, amma da an yi kisa ita ke gano mai laifin, domin ta san halin ɗan'adam ciki da bai.

Tuni Indiyawa suka ci moriyarta. A fim ɗin 'Shubho Mahurat' na 2003, Rakhee, uwar Karan da Arjun, ita ta fito a matsayinta.

To mu fa? A Katsina irin waɗannan tsofaffi ba sa ƙirguwa. Ɗauki dillaliya: daga Yarinci zuwa Ƙofar Marusa tana shiga gida har ƙuryar ɗaki, alhali ɗan sanda iyakarsa zaure. Idan gwal ɗin amarya ya ɓata ranar biki, wa zai riga ta sanin ɓarauniyar? Ai ita ma za a kawo wa ta sayar!

Furodusoshinmu, ga labari har ƙofar gida. Don Allah a ɗan sarara wa soyayya da rawa mana.