Bindigar Toka Da Allon Tallar Taba Sun Zama Kayan Tarihi

A Burumburum da sauran garuruwan Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, akan tarar da bindigar toka ta gado rataye a ɗaki, ko tsohon gwangwanin sigari an mai da shi ma'ajin allura. Masu sha'awar tara kayan da suna neman irin waɗannan, amma sau da yawa 'yan gwangwan kan riga su, su saye da awo.

Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita maharba suka daɗe suna shiga dajin Falgore da ita. Yankin kuwa ya san yaƙi: a 1903 rundunar Kanar Morland ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, kafin ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu.

Allunan talla da gwangwanaye kuwa shaida ne na zamanin da Kamfanin Taba na Nijeriya ya buɗe masana'anta a Zariya a 1959. Dokar 2015 ta hana tallar taba saboda illarta ga lafiya, watau waɗanda suka rage ba su da magaji.

Sai dai mai tarawa ya kula. Dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon neman lasisi ko a kan bindigar toka, dokar 1979 kuma ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izni ba. Wanda ya gaji irin wannan kaya, gara ya tuntuɓi Gidan Makama a Kano kafin ya sayar.