Ƙa'idar tsallaka jiha da bindiga a Amurka

Ana yawan ɗauka cewa duk wanda ya mallaki bindiga a Amurka yana iya kai ta ko'ina. Ba haka abin yake ba, domin kowace jiha da dokarta, ga kuma dokar tarayya a sama.

Tun 1934 dokar tarayya ta ware wasu makamai da sai an yi musu rajista. Cikinsu akwai bindiga mai sarrafa kanta, da raifil mai hancin da bai kai inci 16 ba, da bindigar harbin tsuntsaye mai hancin da bai kai inci 18 ba. Dokar 1968 ta ƙara sharaɗi: kafin a fita da irin waɗannan zuwa wata jiha, sai an cika fom mai lamba 5320.20, hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi ta amince. Wanda ya ƙetare ba izini na iya shan ɗauri.

Dokar 1986 kuwa ta ba matafiyi damar ratsa jihar da ta tsananta dokar bindiga, muddin bindigar halal ce a inda ya taso da inda ya nufa. Sharaɗin shi ne a cire harsashi, a ajiye bindigar a but ɗin mota, ko a akwati mai makulli inda hannu ba zai kai ba. Duk da haka an sha kama matafiya a filayen jirgin saman New York da New Jersey.

Don haka mai shirin tafiya ya binciki dokar kowace jihar da zai bi tun kafin ya ɗaura kaya.