Yasar Teku da Dutsen Murjani

Ko wace mace a ƙasar Hausa ta san murjani, jan dutsen nan da a ke sawa a wuya ko a hannu. Shi wannan daga Bahar Rum a ke samo shi. Amma yana da wani ɗan'uwa wanda ba a ado da shi, shi ne ya ke yin manyan duwatsu ƙarƙashin ruwa a tekunan ƙasashe masu zafi. Alhazan da suka zaga tsohon garin Jidda sun ga irinsa ko ba su sani ba, gama da shi aka gina yawancin tsofaffin gidajen wurin.

Wanda ya gan shi sai ya ce dutse ne kamar ko wane dutse. Nan kuwa gini ne, maginansa waɗansu 'yan halittu ne masu rai, da yawansu ba su fi ƙwayar dawa ba. Kamar yadda gara ta ke gina suri, haka su ke tara farar ƙasa daga ruwan teku, 'ya'ya su ɗora bisa ginin iyaye, har shekaru dubbai. Saman dutsen kaɗai ke da rai. Aikin kuwa ba ya sauri, don irin mai dunƙulen nan da ƙyar ya ƙara inci guda a shekara.

A cikin jikin 'yan halittun akwai wani irin gansakuka ƙanƙane ƙwarai, wanda ya ke yin abinci da hasken rana kamar ganyen itace, shi ne kuma ya ke ba su mafi yawan abin da su ke ci. Saboda haka murjani ba ya zama sai inda ruwa ya ke garau, ba zurfi ainun. To, nan ne rigimarsa da ɗan Adam ta ke. Wurin da ba zurfi shi ke tare wa manyan jiragen ruwa hanya, shi ne kuma ya fi sauƙin cikewa in ana neman fili.

Ciko dai ba shi da wuyar ganewa. Yashi da tsakuwa a ke kwasowa daga gindin teku a jibge bisa dutsen har ya zama tudu, abin da ke ƙarƙashi ya mutu ke nan. Haka ƙasar Sin ta yi tsakanin 2013 da 2016 a tsibiran Spratly, inda ta cike fili fiye da eka 3,200 bisa duwatsun murjani bakwai. Ran 12 ga Yuli, 2016, wata kotun sulhu ta duniya da ke birnin Heg ta yanke cewa aikin ya yi wa murjanin mummunar ɓarna. Sin ba ta karɓi hukuncin ba.

Yasa ita ce ta fi ruɗi, domin ɓarnarta ba ta tsayawa inda aka haƙa. Duk wanda ya taɓa ganin yasar rijiya ya san ruwan ya kan dame, sai ya kwana kafin ya kwanta. A rijiya lakar ba ta da wurin zuwa. A teku kuwa igiyar ruwa ce ta ke ɗaukarta ta kai ta nesa. Injin yasa yana niƙe dutse ya mai da shi gari, jiragen da ke dakon lakar kuma su kan tsiyaye ruwanta a hanya don su rage nauyi. Lakar nan ta fara tare hasken rana, abinci ya yanke. Sa'an nan ta sauka bisa murjanin. Yana da dabarar share kansa, watau ya fid da wani yauƙi ya ture ta, amma sharar tana cin ƙarfinsa, ga kuma yunwa. In abin na kwana biyu ne sai ya farfaɗo. In ya kai wata da watanni, sai laka ta rufe shi. Har ila yau 'ya'yansa, waɗanda su ke yawo cikin ruwa suna neman wurin zama, ba su kama sai bisa dutse mai tsabta. Ga manya sun mutu, ga ƙanana sun rasa masauki.

An ga wannan sosai a Mayami, wani birni a jihar Fulorida ta Amurka. Da aka ji ana faɗaɗa mashigin ruwa na Panama, wanda aka buɗe sabon sashensa a 2016, sai mutanen Mayami suka so manyan jiragen da za su riƙa bi ta can su iya shiga tasharsu. Daga ƙarshen 2013 zuwa 2015 injiniyoyin sojan Amurka suka sa aka yashe hanyar jirgi, zurfinta ya tashi daga ƙafa 42 zuwa 50. Hanyar kuwa ta ratsa tsakiyar duwatsun murjani ne. Kafin a fara an ce ɓarnar ba za ta yi nisa da bakin ramin ba. Amma masu nutso na hukumar gwamnati mai kula da teku suka tarad da laka ta kwanta bisa murjani har mita 700 daga hanyar. Cikin abin da ta rufe har da wani iri mai rassa kamar ƙahon barewa, wanda tun 2006 doka ta sa shi cikin halittun da a ke tsoron ƙarewarsu.

Daga nan sai gardama ta tashi. Masanan da aka ɗauka su duba aikin suka ce ba laka ce ta yi yawancin kisan ba, zafin ruwa ne na 2014 da wata sabuwar cuta mai cin naman murjani, wadda ta ɓulla kusa da Mayami a shekarar nan. Maganarsu ba ta rasa tushe ba, don cutar gaskiya ce, ta kuwa bazu daga baya har tsibiran Karibiyan. Sai dai cuta ba ta san inda aka haƙa rami ba. A 2019 waɗansu masana suka sake bin lissafin da aka tara lokacin aikin, suka ga mutuwar tana ƙaruwa ne gwargwadon kusantar hanyar jirgi, musamman ga ƙananan murjani waɗanda laka kaɗan ta isa ta binne su. Suka ƙiyasta fiye da 560,000 sun mutu cikin rabin kilomita daga hanyar.

Abin da ya sa mutanen Fulorida suka damu, ba don kyan gani kaɗai ba ne. Kifayen da su ke kamawa a nan su ke fakewa su yi girma, dutsen kuma shi ke karya ƙarfin raƙuman ruwa kafin su kai gaɓa sa'ad da guguwa ta taso, ita kuwa Fulorida ƙasar guguwa ce. Don haka da aka shirya irin wannan yasa a tashar Port Everglades, arewa da Mayami kaɗan, sai ƙungiyoyin masu nutso da masu kare teku suka kai ƙara a 2016. A farkon 2017 injiniyoyin sojan suka yarda su dakata, su sake auna inda lakar za ta kai kafin a sa inji cikin ruwa.