IN KA YI MAKUWA A DAJI, FARA DA ZAMA

'Yan'uwa manoma, da an gama girbi sai shiga daji ta yawaita. Wani zai tafi saran itace, wani yankan gamba don zana, wani cin zuma, wani kuwa bin sawun sansa da ya tsinke igiya. A wannan lokaci ne kuma ciyawa ta kan fi mutum tsawo, hazo ya rufe duwatsun da muka saba gane hanya da su. Saboda haka ko wanda aka haifa a bakin dajin ya kan yi makuwa. Ɓatan hanya kaɗai ba safai ya kan kashe mutum ba. Ƙishirwa da gajiya da faɗuwa a rami su ke kisa, kuma tsoro ne ke tura mutum cikinsu.

ME YA SA MUTUM KE ZAGAYA WURI ƊAYA?

Wanda ya taɓa ɓata ya kan ce ya yi ta tafiya sosai, sai ga shi ya komo gindin itacen da ya bari. Waɗansu su kan ce iskokai ne suka juya shi. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2009, masana na cibiyar Max Planck a ƙasar Jamus sun gwada wannan abu. Suka sa mutane su yi tafiya ta sa'o'i a wani babban daji na ƙasarsu, waɗansu kuma a hamadar Tunisiya, suna bin sawunsu da na'ura. Waɗanda suke ganin rana suka miƙe. Waɗanda gajimare ya rufe musu rana a dajin kuwa suka yi ta zagaye, har suna ketare sawun kansu ba su sani ba. Ashe haka jikin ɗan Adam ya ke. In ido ba shi da abin da zai riƙe daga nesa, ƙafa ta kan karkata kaɗan kaɗan, mai ita yana tsammani daidai ya ke tafiya.

ZAUNA TUKUNA

Da zarar ka ga ba ka gane wurin ba, kada ka ƙara taki ɗaya. Nemi inuwa ka zauna, ka kurɓi ruwa, ka bar zuciyarka ta kwanta. Sa'an nan ka tuna: da ka fito gida, rana tana gabanka ne ko bayanka? Wane rafi ka haye? Ina ne wuri na ƙarshe da ka sani sarai? Ka kasa kunne. Dakan mata, carar zakara, haushin kare, kukan injin niƙa da ƙarar mota su kan kai nesa, musamman da asuba da maraice sa'ad da iska ta lafa.

In kana da waya, ka kira tun batir bai mutu ba. Faɗi inda ka shiga da abin da ka ke gani. In babu sabis, hau tudu mafi kusa ka aika saƙon tes, gama saƙo ya kan wuce inda kira ya kasa. Lambar neman agaji a Nijeriya ita ce 112.

GANE GABAS DA YAMMA

In rana ta yi tsaka ba ka iya faɗin inda ta nufa, kafa sanda a fili, ka sa tsakuwa a ƙarshen inuwarta. Jira kamar minti 20, ka sa wata tsakuwa inda inuwar ta koma. Ta farin tana wajen yamma, ta biyun wajen gabas. Ka ɗora ƙafar hagu a kan ta fari, ta dama a kan ta biyu, to, arewa ka ke fuskanta.

Iska ma malama ce. Hunturu daga arewa maso gabas ya ke busowa, tun daga Nuwamba har wajen Fabrairu. Iskar damina kuwa daga kudu maso yamma ta ke zuwa, ko da ya ke hadari ya kan taso daga gabas. Da dare, jinjirin wata a yamma a kan gan shi, cikakken wata kuma daga gabas ya ke fitowa da faɗuwar rana. In Gamzaki ya fito da asuba, can ne gabas.

Sa'ad da ka san inda za ka nufa, zaɓi itace ɗaya ko dutse can gaba, ka tafi wurinsa. Da ka isa, waiwaya ka dubi inda ka baro, ka zaɓi wani a kan layi ɗaya. Ka riƙa karya reshe ko ƙulla ciyawa, domin masu nemanka su gani, kai ma ka gane in ka zagayo. Burtali ko hanyar shanu ta kan kai ga mashaya ko ruga. Rafi kuma, in ka bi shi ƙasa, ya kan kai ga fadama da masu lambu. Duk wanda ka tarar, ka tambaye shi ba kunya. Matambayi ba ya ɓata.

RUWA DA DARE

Mutum ya kan yi makonni ba abinci, amma da wuya ya wuce kwana uku ba ruwa, balle a zafin Maris da Afrilu. Ka yi tafiya da sanyin safiya da la'asar, ka huta da tsakar rana. Inda ka ga jerin giginya ko goriba ko duhun kurmi, ruwa ba shi da nisa. A busasshen rafi, tona yashi a wurin da rafin ya yi kwana.

In magariba ta same ka, haƙura ka kwana. Tafiyar dare ita ke jefa mutum a kwazazzabo, ko a tsofaffin ramukan kuza irin na ƙasar Jos, ko a kan kububuwa. Kada ka kwanta a cikin rafi da damina, gama ruwan da aka yi a kan dutse ya kan iso ba sallama. Share fili mai faɗi kafin ka hura wuta, don kada ta zama gobarar daji. Da safe ka zuba ɗanyen ganye a kanta, hayaƙin zai nuna inda ka ke.

AIKIN ƘUNGIYA

Rigakafi ya fi magani. Kowane mamba ya saba da faɗa wa na gida inda za shi da lokacin da zai komo. Ya tafi da gorar ruwa, ashana, tocila, adda da usur. Busa uku a jere alama ce ta neman taimako, kuma usur ya fi murya kai wa nesa. A koya wa yara masu kiwo da mata masu itace su tafi bibbiyu, in kuwa sun ɓata su tsaya wuri ɗaya. Dazuzzuka da dama, kamar na wajen Birnin Gwari, sun zama maɓoyar 'yan bindiga, don haka a tambayi mai unguwa da maharba kafin a yi nisa.

A taronku na gaba ku shirya tun yanzu: wa zai buga ƙararrawa ko ganga in wani bai komo ba, su wa za su fita nema, wa zai sanar da dagaci. Masu nema su fara daga wurin da aka ga mutumin na ƙarshe, su jeru kafaɗa da kafaɗa, suna kira suna yin shiru don su ji amsa. Kada a jira gari ya waye kafin a fara shiri.