Kuɗin Ajiya: Me Mai Gida Zai Yanke, Me Ba Zai Yanke Ba

Da can a ƙauyukanmu ba a cika biyan kuɗin ɗaki ba. In baƙo ya zo, mai unguwa ya kan nema masa masauki. Yanzu ba haka ba ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, masunta da ma'aikata da manoman rani suka yi ta zuwa ƙasar Bebeji. A Kwanar Ɗangora ana hayar shaguna. A Tudun Wada 'yan kasuwa su kan kama sito da kaka, su tara masara da shinkafa. A Riruwai ta ƙasar Doguwa masu haƙar kuza suna neman wurin kwana. Malaman makaranta da a ke kawo mana daga nesa, su ma haya su ke yi.

Tare da haya, wata al'ada ta birni ta shigo. Ban da kuɗin haya, waɗansu masu gida su kan ce a ba su wani abu su riƙe, ko mai haya zai yi ɓarna. Shi mu ke kira kuɗin ajiya. Ran shiga ba a jin kansu. Sai ran fita a ke jin hayaniya, don mai gida ya ce gyara ya cinye kuɗin duka.

To, abu na farko da za mu riƙe shi ne, kuɗin nan na mai haya ne. Amana ce a hannun mai gida. Ba kuɗin haya ba ne, ba kyauta ba ce. In ba a yi ɓarna ba, dole a mayar da su cif.

Amma mece ce ɓarna? A nan ne gardama ta ke. Ɗaki yana tsufa ko da mutum a ciki, ko babu. Damina tana cin bango. Gara tana cin azara. Kwano yana tsatsa, fenti yana ƙoɗewa. Wannan duka ba laifin mai haya ba ne. Kuɗin hayar da ya ke biya, ai don zaman nan ne. Abin da ya ke kansa shi ne abin da ya lalata da hannunsa, ko iyalinsa, ko dabbarsa, ko abin da ya lalace saboda sakacinsa. Malamanmu sun san wannan tun da daɗewa. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda a ke karantawa a zaurukanmu, an nuna wanda ya yi hayar kaya ba ya biyan su in sun lalace a hannunsa, kuma ana gaskata shi, sai fa in ƙaryarsa ta bayyana.

Mu yi misali da lissafi. A ce wani tela ya kama shago a Kiru, ya ba da ajiyar naira 20,000. Bayan shekara biyu zai tashi. Mai shago ya ce kuba 3,000, yoyon rufi 7,000, fenti 4,000, yaɓe 6,000. In mun haɗa, 20,000 ke nan daidai. Abin mamaki, gyara ya kan zo daidai da ajiya, ba ƙari ba ragi!

Mu ɗauke su ɗaya ɗaya. Kuba, tela ne ya yar da makulli ya ɓalle ta, saboda haka ya biya. Amma ya je kasuwa ya tambayi kuɗinta tukuna, kada a saka masa kuɗin babbar kuba a madadin ƙarama tsohuwa. Rufi, iskar farkon damina ce ta ɗaga kwano. Ba ruwan tela. Fenti, in ƙoɗewa ya yi kurum, ba ruwansa. In kuwa ya riƙa hura wuta cikin shago har bango ya yi baƙi, to, wannan nasa ne. Yaɓe, sai a duba abin da suka shirya tun farko. In ba su ambaci yaɓe ba, ba daidai ba ne a ɗora masa shi ran fita. Watau tela yana bin mai shago 17,000.

Yaya zai karɓi kuɗinsa? Ba da zagi ba. Kada ya cire ƙofa ya tafi da ita, kada ya riƙe makulli. Wanda ya yi haka ya ɓata gaskiyarsa, a gaban alƙali shi zai zama mai laifi. Ya sami mai shago da safe, su gaisa, ya ce, "Alhaji, don Allah mu je shagon tare, ka nuna mini abin da na ɓata." Ya tafi da mutum biyu masu mutunci. A kira magini ko kafinta ya faɗi kuɗin aiki a gaban kowa. Da yawa magana ta kan ƙare a nan.

In ba ta ƙare ba, sai wurin mai unguwa, daga nan dagaci. Akwai kuma Hisba, wadda gwamnatin Kano ta kafa da doka cikin 2003, ita ma tana yin sulhu. Waɗannan sasantawa su ke yi. Mai yanke hukunci shi ne alƙali, a kotun shari'a ko kotun majistare. Amma kafin mu kai ƙara, mu yi lissafin kuɗin sammaci, da kuɗin mota, da yinin aikin da za mu rasa. Wani lokaci karɓar 15,000 a zauren dagaci ya fi bin 17,000 har wata uku.

A gaban alƙali ƙa'ida ita ce, wanda ya yi da'awa shi ke kawo shaida, wanda ya musa shi ke rantsuwa. In mai shago ya ce an yi ɓarna, shi zai nuna ta. Amma ku lura da kyau, 'yan'uwa. In ya ce shi bai karɓi ajiya ba sam, ko ya ce 10,000 ya karɓa, magana ta juya. Yanzu tela ne mai da'awa. In ba takarda, ba shaidu, sai mai shago ya rantse, shi ke nan.

Don haka ran shiga ne a ke shirin ran fita. A zaga ɗaki tare, a rubuta duk aibin da aka gani. Mai waya ya ɗauki hoto. In ta banki aka biya, kada a share saƙon. In an ba mu rabin kuɗi, mu rubuta abin da muka karɓa da abin da ya rage. Kada mu dangwala yatsa a takardar da ba mu karanta ba, don wata takarda cewa ta ke mun karɓi haƙƙinmu duka.

Ga yadda a ke rubuta takardar. Malami zai sa ta a allo, kowa ya kwafa a littafinsa:

"Ni, wane ɗan wane, na karɓi naira 20,000 daga wane, ajiya ce ta hayar shagona. Na ga rufi yana yoyo ta gabas, taga ɗaya ba ta rufuwa. Yaɓe a kaina ya ke. Zan mayar da kuɗin ran da ya ba ni makulli, sai dai abin da ya ɓata da kansa."

A sa kwanan wata. Mai shago ya sa hannu, mai haya ya sa, shaidu biyu su sa. A rubuta ta sau biyu, kowa ya riƙe ɗaya.