Silifas ko sau-ciki: Wane takalmi ya dace da mai hawa babur?

Duk wanda ya tsaya da safe a gefen titin Gwarzo, tsakanin Langel da Janguza, ya bar kallon fuskokin masu babur ya kalli ƙafafunsu, abu ɗaya zai yi ta gani: silifas. Mai ɗauke da buhun masara silifas, malamin makaranta silifas, yaron da aka goya a baya shi ma silifas.

Haka abin yake a ƙauyukan ƙaramar hukumar Tofa da ke yamma da birnin Kano, inda babur da keke suka zama motar kowa. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum 97,734 ne ke zaune a ƙaramar hukumar, a filin da bai wuce murabba'in kilomita 202 ba. Gari na jikin gari, gona na jikin gona, kuma akasarin hanyoyin da suka haɗa su burji ne ko rairayi.

Dokar hana acaɓa da gwamnatin Kano ta kafa a watan Janairun 2013 birni da kewayensa ta shafa. A karkara babur bai daina aiki ba: shi ke kai mara lafiya asibiti, shi ke kai taki gona, shi ke kai kaya kasuwa.

Zuwan babur mai caji

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Wannan ya sa mutane da dama a Kano suka koma wa babur mai caji, wanda yanzu ake ganinsa a cikin birni da garuruwan da ke bakinsa.

Mai sayen irin wannan babur yakan tambayi ƙarfin batir, da nisan da caji ɗaya zai kai shi, da inda zai samu kayan gyara. Da wuya ka ji ya yi maganar abin da zai sa a ƙafa. Da yawa ma suna ɗaukarsa tamkar keke, tunda ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, ba shi da salansar da za ta ƙona mutum.

Sai dai shirun nasa ba ya rage gudu. Babur ɗin da ke tafiyar kilomita 40 a awa yana cin kusan mita 11 a kowace daƙiƙa, ko da fetur yake tafiya ko da batir. Ga shi kuma injin lantarki ba ya jira: ana murɗa totur yake fizga, abin da ke ba sabon shiga mamaki. A irin wannan lokaci ƙafa mutum ke fara miƙawa ƙasa ba tare da ya yi tunani ba.

Darasi daga masu taya ɗaya

Idan ana neman waɗanda suka ɗauki zancen takalmi da muhimmanci, to masu hawa keken lantarki mai taya ɗaya ne, wanda matasa ke ganin bidiyonsa a TikTok da YouTube. Wani mai ƙirƙira a Amurka, Shane Chen, ya fitar da samfurinsa mai suna Solowheel kasuwa a 2011, yanzu kuma kamfanonin China irin su InMotion da King Song da Begode ne suka fi ƙera shi.

Wannan abin hawa ba shi da sirdi a yawancin samfura, ba shi da abin riƙewa, ba shi da birkin hannu. Taya ce guda da mataki biyu, ɗaya a kowane gefe. A cikinsa akwai na'urorin da ke auna karkatar mahayi: ya rusuna gaba ya ƙara gudu, ya jingina baya ya tsaya. Ke nan ƙafa ita ce totur, ita ce birki, ita ce sitiyari.

Shi ya sa mahayansa suka fi son takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa wanda ke kama mataki, mai ɗan tauri don kada tafin ƙafa ya gaji, wanda kuma ya hau ya rufe idon sawu, domin nan ne mataki ke yawan bugu. Suna guje wa takalmi mai soso mai kauri da laushi saboda yana hana mutum jin abin da ke ƙarƙashinsa.

Ba a saba ganin wannan keke a hanyoyin Tofa ba. Amma buƙatun nan uku, wato kamu da tauri da rufe idon sawu, su ne dai mai Boxer da mai roba-roba da mai babur mai caji ke da su.

Aikin da ƙafa ke yi a kan babur

A kan babur irin Boxer, ƙafar hagu ke sa giya, ta dama ke taka birkin baya, ita kuma ke buga kik. Idan aka shiga rairayi babur ya fara rawa, ƙafa ake saukewa a dogara. Idan aka tsaya da buhu biyu a baya, ƙafa ɗaya ke tare nauyin babur da ya haura kilo 100, ban da kaya da goyo.

Silifas ba a yi shi don wannan aiki ba. Abin da ke riƙe shi a ƙafa siririn maɗauri ne da ke tsakanin yatsu biyu. Zufa ko ruwan damina na taɓa shi ƙafa ta fara santsi a ciki. Yana iya lanƙwashewa a ƙarƙashin birki, ko ya maƙale a giya, ko ya tsinke yayin buga kik. Idan kuwa aka faɗi, kafin mutum ya kai ƙasa ya riga ya fita.

Ƙafar ɗan Adam tana da ƙasusuwa 26, kuma a samanta da idon sawu babu wani naman kirki da ya rufe su. Raunukan da ake samu a nan sanannu ne: cirewar farce, saluɓewar fata a kan kwalta ko burji, tsagewar dunduniya, ƙunar salansa, targaɗe da karaya idan babur ya danne ƙafa. Wasu suna ƙarewa a wajen mai ɗori, masu tsanani kuma sai an kai ga Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959.

A ƙauye akwai ƙarin haɗari. Ƙwayar cutar titanus, wadda ake kira sarƙe-haƙora, tana zama a ƙasa da kashin dabbobi, kuma ta rauni take shiga jiki. Hanyar gona da ake bi da taki da shanu ba ta rasa su. Ga mai ciwon suga kuwa, ɗan ƙaramin rauni a ƙafa yana iya ƙin warkewa har ya zama gyambo.

Me bincike ya nuna?

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma kaso mai yawa daga cikinsu masu hawa babur ne da masu ƙafa uku. Abin da ya fi kashe mai babur shi ne bugun kai, don haka babu takalmin da zai maye gurbin hular kwano.

A Najeriya ma kan hular aka fi yin magana. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa ta a ranar 1 ga Janairun 2009, har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a ka don kauce wa kamu. Zancen ƙafa bai taɓa samun irin wannan kulawa ba.

Amma an yi nazari a kansa. Wani bincike da aka wallafa a 2011 a Ostireliya ya bi diddigin masu babur 212 da suka yi hatsari. Ya gano cewa waɗanda suka sa but mai rufe idon sawu, ko da ba na babur ba ne, haɗarin raunin ƙafa ya ragu musu da kusan rabi idan aka kwatanta da masu takalmin yau da kullum ko kambas. Wato ko kambas but ya fi shi nesa, balle silifas.

A Turai akwai ma'auni na musamman mai lamba EN 13634 da ake gwada takalmin babur da shi. Abu huɗu ake dubawa: tsayinsa, yadda yake jure gurzuwa, yadda yake jure yanka, da yadda yake jure matsewa daga gefe.

Dalilin da ya sa silifas ya yi kane-kane

Masu sa silifas suna da hujjojinsu, kuma ba na wasa ba ne. Na farko kuɗi. Na biyu zafi, musamman a watannin Maris da Afrilu da rana ke ƙuna. Na uku, wanda ya fi nauyi, alwala da shiga masallaci sau biyar a rana: takalmin da sai an zauna an kwance igiya yana da wahalar sha'ani. Akwai kuma ganin cewa but bai dace da kaftani ko babbar riga ba.

Duk da haka rufe ƙafa yayin hawa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Ko a hawan sallah za ka ga mahaya da yawa sanye da dogayen takalman fata, aikin dukawanmu. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa takalma cikin manyan kayan da birnin ke ƙerawa yana fitarwa ƙasashe masu nisa. Sana'ar tana nan har yau.

Maganar alwala kuma tana da mafita mai sauƙi. Yawancin babura masu caji da roba-roba suna da ma'ajiya a ƙarƙashin kujera ko kwando a gaba. A ajiye silifas a nan, a sa rufaffen takalmi a hanya, in an isa a sauya.

Yadda za ka zaɓa a kasuwa

Ba sai an nemi takalmin babur na Turai ba. A ɓangaren gwanjo na kasuwar Ƙofar Wambai, ko Sabon Gari, ko kasuwannin ƙauye, ana samun abin da zai yi aiki idan mutum ya san abin da yake nema.

Fara da dunduniya. Takalmin da bai kama bayan ƙafa ba zai fita a lokacin da aka fi buƙatarsa. Wannan ya fitar da silifas da duk wani mai buɗaɗɗen baya, komai tsadarsa.

Sai ka juya ƙasansa. Ka nemi na roba mai zane-zane da bai side ba. Ƙasan fata mai sulɓi, irin na takalmin zuwa biki, yana zamewa a kan birki da jiƙaƙƙiyar kwalta.

Ka kama gaba da baya ka murɗa kamar mai matse wanki. Idan ya murɗu kamar tsumma, haka zai yi da ƙafarka a ciki. Sannan ka matse shi daga gefe da gefe, ka danna wajen yatsu. Wanda ya ƙi lotsewa shi kake nema.

Ka duba tsayi. Wanda ya rufe idon sawu ya fi, shi ya sa takalmin sefti na masu aikin gini yake da kyau. Amma mai babur na giya ya gwada ya tabbatar kan takalmin yana shiga ƙarƙashin giya ba tare da ya cije ba.

Idan mai igiya ne, a cusa igiyar ciki. Igiyar da ke reto tana iya naɗe giya ko mataki, mutum ya zo sauke ƙafa ta ƙi sauka. Mai zif ko mai maƙalewa ya fi sauƙin cirewa a bakin masallaci.

Ka gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da safa. Safar auduga tana shan zufa, tana hana santsi da kanta.

Ga wanda ƙarfinsa bai kai ba, akwai mataki-mataki. Kambas ko sau-ciki na fata ya fi takalmin danko, wanda ke rufe yatsu amma yana santsi da zufa, yana kuma narkewa a jikin salansa. Takalmin danko ya fi takalmin taya mai maɗaurin baya, shi kuma wannan ya fi silifas. Rambut na aikin lambu yana tare taɓo, amma da yake ba ya kama ƙafa, yana iya zarewa.

Kada a manta da goyo

Wanda ke baya ba ya ganin hanya, kuma ƙafarsa ce ta fi kusa da taya da kaca da salansa. Yaron da ƙafarsa ba ta kai mataki ba yakan bar ta tana lilo, kuma shigar dunduniya cikin wayoyin taya na daga cikin munanan raunukan da yara ke samu a kan babur da keke. A sa wa yaro rufaffen takalmi, a kuma tabbatar yana da inda zai taka. Mata su tattare hijabi da bakin zane kafin a tashi.

Idan tsautsayi ya faru, a wanke raunin da ruwa mai tsafta da sabulu, a rufe da ƙyalle mai tsafta, a je asibiti a tambayi allurar titanus. Kada a zuba man birki ko baƙin mai ko ƙasa. Ƙunar salansa kuma ruwa mai sanyi ake kwarara mata na kimanin minti 20, ba man goge baki ba.

Ga manomi a Doka ko Yarimawa ko Lambu, lissafin a fili yake. Ƙafar da ta samu rauni a farkon damina tana iya zaunar da mai gida makonni, a daidai lokacin shuka da noman farko, ga kuɗin magani, ga kuɗin 'yan ƙwadago. Wanda ya koma babur mai caji don ya huta da sayen fetur, ya dace ya cire kuɗin takalmi daga rarar farko da ya samu, bayan na hular kwano.